Telan Katifa Ba Ya Barci

Ranar da Na-Hango ya dawo daga kwas, ko jakarsa bai ajiye ba ya sa aka kashe injuna. Muka taru a tsakiyar ma'aikata, masu yanka soso, masu ɗinki, masu lodi, har da mai gadi da ya baro ƙofa a buɗe. Ya hau kan tulin soso don kowa ya gan shi. Soson ya lotsa, ya dawo daidai tsayinmu.

Na-Hango ƙanen matar mai kamfani ne. An ba shi ofis da kujera mai juyawa, aka ce shi ne mai kula da martabar kamfani, aikin da har yau ba mu san inda ya fara ba balle inda ya ƙare. Sunan kuwa mu muka laƙa masa, don komai ya faru sai ya ce, "Ni na hango wannan tun tuni." Ranar da silin ɗin sito ya zubo masa a ka ma haka ya faɗa, yana kakkaɓe kafaɗa.

Ya ce, "Wa zai gaya mini abin da ya fi komai haɗari ga kamfanin katifa?"

"Gobara," in ji mai gadi.

"Ɓeraye," in ji wani mai lodi.

"Surukai," in ji Inna Mai-almakashi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna ce babba a sashen yanka. Ta girmi duk injunan da ke wurin, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi.

Na-Hango ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro waya ya ɗaga sama. "Wannan! Ma'aikaci ya buɗe shafi a intanet yana rubuta abin da ya ga dama. A kwas an nuna mana manyan kamfanoni da layi ɗaya ya durƙusar da su. Layi ɗaya! To ni ina da hanci. Duk mai shafi a cikinku, ko a ƙarƙashin ƙasa ya ɓoye shi, zan tono shi."

Ni dai ina gefe da tsinken zare a baki, ban ɗauka da ni ake ba. Tela ne ni, rigar katifa nake ɗinkawa tun gashina yana baƙi, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Amma ina da shafi. Matata ta rasu bara bayan doguwar jinya, gidan ya yi mini faɗi. Wata rana Auta, 'yarmu, ta shigo ta tarar ina ba kujerar uwarta labari. Sai ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne, ta ce, "Baba, duk abin da kake son gaya wa Mama, rubuta shi a nan." Tun daga nan nake rubutawa da yatsa ɗaya. Famfo ya lalace, na ƙona tukunya, maƙwabciya ta haihu, irin waɗannan dai. Masu karantawa su ne Auta, da ƙanwar marigayiya, da wani bawan Allah da ban sani ba, wanda ko labarin famfo ne sai ya rubuta, "Allah ya jiƙanta." Ban taɓa faɗin inda nake aiki ba, don ita ta riga ta sani.

Na-Hango ya shiga farauta. Ya laɓe a bayan soso yana leƙen wayoyin mutane. Ya sa baƙin tabarau ya zauna a wurin cin abinci, kamar akwai wanda bai san ƙeyarsa ba. Ya kama wani mai lodi yana danna waya, ya fizge, ashe wasan jera kwalaye yaron yake yi. Da ya gaji, ya tsaya a kan keken ɗinkina yana haki.

"Baba Tela, kai dattijo ne. Ba ka san wani mai shafi a nan ba?"

Na ce, "Ni ina da shi, yallaɓai."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya juya ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Na kama ɗaya! Ba na gaya muku ba? Biyo ni ofis."

A ofis ya kishingiɗa a kujerarsa yana karantawa, yana taɓe baki. Can sai ya miƙe zumbur, kujerar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Ya karanto da ƙarfi: "Tun da kika tafi barci ya ƙaurace mini. Ina kwanciya in yi ta juyi har gari ya waye."

Ya buga tebur. "A kan me kake kwanciya?"

"Katifa, yallaɓai."

"Ta wane kamfani?"

"Tamu. Ni na ɗinka rigarta da hannuna."

Ya dafe kai. "Ka kashe mu! Ma'aikacin kamfanin katifa ya fito duniya yana cewa ba ya barci! Ka san abin da abokan hamayya za su yi da wannan?"

"Yallaɓai, ba katifar ba ce. Matata ce ta rasu."

"Allah ya jiƙanta, amma kasuwa ba ta san wannan ba. Kafin ƙarshen wata, ko ka goge shafin nan, ko ka sauka daga kan kekenmu."

Na fito. Aikin nan shi ne cina da shana, a shekaruna kuma ba wanda zai ɗauke ni wani. Shafin kuwa duk hirar da na yi da ita tun tafiyarta tana ciki. In na goge, kamar na sake rufe mata ƙofa ne. Na gaya wa Auta, ta ce, "Baba, kar ka taɓa komai tukuna. Ka bar shi ya yi ta hangensa."

Mai kamfani ya yi tafiya a lokacin, don haka filin na Na-Hango ne. Abu na farko da ya yi, ya tura adireshin shafina a zauren ma'aikata na waya, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: KADA WANDA YA KARANTA WANNAN. Kafin a tashi aiki ba wanda bai karanta ba. Washegari Inna ta zo tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce, "Baba Tela, ashe haka ka yi wa tukunyar nan? Allah ya isar wa marigayiya." Masu lodi suka zo suna tambaya ko famfon ya gyaru. Suka tura wa matansu, matan suka tura wa 'yan'uwansu. Ni da na saba da mutum uku, sai ga jama'a cike da shafin kamar ana rabon wani abu.

Na-Hango ya ce ya hango hakan, dabara ce ta jawo maƙiya fili. Mataki na biyu, zai shiga cikinsu ya juya musu tunani.

A makon na rubuta yadda na tsinci tabaraunta na karatu a aljihun rigata, na zauna riƙe da shi na kasa fita. Mutane suna ta addu'a a ƙarƙashin rubutun. Sai ga wani mai suna Mai Saye Na Gaskiya ya rubuta: "Ni dai tun da na sayi katifa mai kyau barcina lafiya lau." Bayansa Likitan Baya ya ce bincike ya nuna soso mai kauri yana maganin baƙin ciki. Sai Wata Baiwar Allah ta ce ita ma mijinta ya rasu amma katifa ta share mata hawaye.

Auta ta kira ni tana dariya har numfashinta yana sarƙewa. "Baba, duba hotunansu!"

Na duba. Mai Saye, da Likita, da Baiwar Allah, duk fuska ɗaya ce: Na-Hango, da katin kwas rataye a wuya. Ya iya canza suna, bai iya canza hoto ba.

Jama'a suka yi masa ca. Wata ta rubuta, "Baiwar Allah, wa yake miki gyaran gemu?" Wani ya ce, "Likita, ka duba Mai Saye, kamar ciwonku ɗaya." Har bawan Allah ɗin nan da bai taɓa wuce addu'arsa ba, ranar ya ƙara da cewa, "Wannan kuma Allah ya shirye shi."

Da safe Inna ta tare shi a ƙofa ta rusuna. "Barka da asuba, Hajiya. Ya takaba?"

Ya wuce fuu ya banko ƙofar ofis. Muna jin ƙarar madannan kwamfuta har tsakar rana. Da ya fito yana murmushi, ya ce ya kashe wutar gaba ɗaya, ya fitar da sanarwa. Ya kuwa fitar, a ƙarƙashin rubutuna. Ya sa sunan kamfani cikakke, da titin da muke, da lambar waya, sannan ya ce hukumar kamfani tana sanar da jama'a cewa rashin barcin telanta ba shi da wata alaƙa da katifarta, ko da yake a kanta yake kwana.

Kafin wannan sanarwa, ban da abokan aikina da iyalai, ba wanda ya san ko a gidan burodi nake aiki. Bayanta kuwa wayar ofis ba ta huta ba. "Salamu alaikum, nan ne kamfanin katifar da ba a barci?" Wata mata ta ce tana son guda ɗaya don ɗanta mai shirin jarrabawa. Mai shagon katifa na tsallaken titi, wanda ya daɗe yana jin haushinmu, ya kafa allo a ƙofarsa: A NAN HAR TELOLINMU SUNA BARCI.

Na-Hango ya tsaya a taga yana kallon allon. Sai ya tafa hannu ya taho wurina.

"Baba Tela, gobe za ka yi barci."

"Allah ya sa, yallaɓai."

"Da rana tsaka. A bakin ƙofa. A gaban jama'a, ana nunawa kai tsaye a waya. Duniya ta gani da idonta."

"Yallaɓai, a ɗakina ma da duhu da shiru bai zo ba."

"Don ba ka da tsari ne. Ni zan tsara. In ka yi barci a gaban mutane, shafinka ya tsira. In ba ka yi ba, ka san sauran."

Inna ta ce daga inda take, "Mun dai ji, mu ne shaidu."

Washegari aka kafa rumfa a bakin titi. Aka fito da katifa mafi tsada, aka ɗora a kan gado, aka jera matasai. Na-Hango ya sayo mini kayan barci masu ratsi, wandon bai kai idon sawu ba. Ya yi hayar lasifika. Makanikai suka baro motoci, masu shaguna suka ja ƙofa, direbobi suka faka a gefe. Mai shagon tsallake ya kawo kujerarsa ya zauna a gaba, ya harɗe ƙafa. Wani mai lodi ya riƙe waya yana ɗauka, mai gadi kuma aka ba shi aikin karanto abin da masu kallo suke rubutowa. Auta tana can baya ta rufe fuska da jaka.

Na hau na kwanta. Na rufe ido. Na ce a raina, Allah ka taimake ni, ko na minti kaɗan ne.

"JAMA'A, KU YI SHIRU!" in ji Na-Hango a lasifika, daidai kunnena. "GA SHI NAN ZAI YI BARCI!"

Aka yi shiru. Wata babbar mota ta danna oda. Ƙuda ya sauka a hancina.

Ya sunkuyo. "Ya zo?"

"Bai zo ba, yallaɓai."

"To ka ƙara ƙoƙari mana!"

Mai gadi ya ce, "Wata ta ce a juya shi ɓangaren dama." Aka juya ni. "Wani ya ce a cire matashi ɗaya." Aka cire. "Wani ya ce mai lasifikar ne matsalar."

"Tsallake wannan," in ji Na-Hango. Ya sake sunkuyowa. "Yanzu fa?"

"Da ya zo, yallaɓai, ai ba zan amsa ba."

Mai shagon tsallake ya ce, "A yi masa waƙar reno mana."

Da gatse ya faɗa, amma Na-Hango ya ce dama yana cikin tsarinsa. Ya gyara murya ya fara rera wani abu a lasifika, yana bubbuga mini baya kamar mai kakkaɓe tabarma. Wani kare a bayan gareji ya ɗauka da shi ake, ya amsa. Makanikai suka riƙe ciki. Ni kuwa idona ya ƙara bushewa, ina ganin shafina yana tafiya.

Da ya ga abin ya ƙi, ya ture ni. "Tashi! Kai ba ka iya ba ne. Jama'a, ni nan da kuke gani, in na ɗora kai a katifar nan, kafin ku ƙifta ido na tafi. Ku kalla."

Ya cire takalmi, ya miƙe, ya ɗora hannuwa a ƙirji. Ko gama sauka kansa bai yi ba ya fara minshari, irin wanda ko injin niƙa zai ji kunya.

Inna ta matso gaban gadon ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Jama'a, mai barcin gaske ba ya jin abin da ake faɗa a kansa. Bari mu yi hirarmu. Wannan da kuke gani, ba don yayarsa ba, ko buɗe ƙofa ba za a ba shi ba."

Minsharin ya ƙaru.

"Kujerar nan tasa mai juyawa, ranar farko sai da ta kayar da shi."

Minsharin ya koma kamar tsawa. Kunnensa ɗaya yana rawa.

"Kwas ɗin nan kuma da yake cika mana baki, an ce a can baya ya zauna yana gyangyaɗi, takardar halarta kawai aka miƙa masa."

Ya diro daga gadon. "Ƙarya ne! A layin gaba na zauna! Har tambaya na yi!"

Wurin ya kece. Wani makanike ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Na-Hango ya nufi Inna da yatsa, ita kuwa abin da take jira ke nan. Ta buɗe masa wuta, ba waƙafi ba numfashi, daga silin ɗin sito har zuwa gemun Baiwar Allah.

Ni tun da aka ture ni na koma jikin bango na zauna a kan siminti, inda inuwa ta faɗo. Na riga na sallama. Ina zaune ina jin muryar Inna tana hawa tana sauka, sai na ji wani abu ya saki a ƙirjina. Haka marigayiya take yi in na bar takalmi a tsakar ɗaki, ta ɗauko laifina na shekaran jiya ta haɗa da na bara, ni kuma in kishingiɗa ina cewa to, to. Rabona da jin mace tana faɗa kusa da ni haka tun tana da lafiya. Na jingina kai. Na ce to. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran a waya na gani daga baya. Mai gadi ne ya fara lura, ya yi ihu, "Ya yi! Wallahi ya yi!" Na-Hango ya daka tsalle ya fizgi lasifika: "BA NA GAYA MUKU BA? NI NA HANGO..." Sai mai ɗauka ya juya wayar. Ga ni shame-shame a kan siminti, baki buɗe, a cikin wando mai ratsi. Ga katifa mafi tsada a gefena, ba kowa a kai.

Mai shagon tsallake ya miƙe tsaye yana tafi.

Na-Hango ya ce masu lodi su ɗauke ni su ɗora a gado. Inna ta sha gabansu da almakashi a hannu ta ce duk wanda ya taɓa ni sai ta rage masa tsawo. Ya ruga ciki ya dawo da guntun soso mai tambarin kamfani, ya rarrafo, ya cusa mini a ƙarƙashin kai a hankali. Ina cikin barcin na sa hannu na zare shi na jefar, na gyara kwanciya a kan simintin. Mai gadi, da yake ba a ce ya daina ba, ya ci gaba da karantowa: "Wani ya ce nawa ne buhun simintin?"

A daidai nan motar mai kamfani ta tsaya.

Da na farka rana ta juya, rumfar ba kowa. An lulluɓe ni da ƙyallen rigar katifa. Mai kamfani, dattijo mara yawan magana, yana zaune a kujerar mai gadi kusa da ni, da wayar Auta a hannunsa yana karanta shafina. Inna da Auta suna gefe. Na-Hango yana tsaye riƙe da lasifikar da aka cire wa batir.

Na yunƙura zan tashi, dattijon ya ce, "Zauna, Baba Tela. Na karanta daga farko har ƙarshe. Ban ga inda ka ambaci kamfanina ba." Ya juya ga surukinsa. "Wa ya ambata?"

"Yaya, ai dabara ce ta..."

"Wa ya sa lambar wayata?"

Na-Hango ya shiga jujjuya lasifikar a hannunsa.

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, ya yi alkawari a gabanmu, in Baba Tela ya yi barci a gaban jama'a shafinsa ya tsira. Bai ce a kan me ba."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya da ka ce ma'aikaci mai waya haɗari ne. Daga gobe, in ka zo, ka bar taka a wurin mai gadi." Sannan ya miƙa wa Auta wayarta, ya dube ni. "Shafinka naka ne, kekenka kuma yana jiranka. Alfarma ɗaya nake nema. In ka tashi ba marigayiya labarin yau, ka ce mata a kan katifa ka yi barcin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tana raye ma ban iya yi mata ƙarya ba, kama ni take yi. Balle yanzu."

Ya kalli katifar, ya kalli inda na kwanta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Ya ce, "To ka dai ce mata simintin ma namu ne."